Su Wa Za Su Yi Mana Gudu Bana?

'Yan'uwa ɗalibai, ga shi hunturu ya fara naɗe tabarmarsa, ƙura ta lafa, kuma nan da 'yan makonni kaɗan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta wannan jami'a tamu ta Bayero za ta koma fili don fara atisayen bazara. Tun yanzu gardama ta kaure a ɗakunan kwana da teburan masu shayi. Kowa ya zama mai horarwa, kowa yana da nasa mutum goma sha ɗaya da ya jera a ka, tun daga mai tsaron gida har zuwa ɗan gaba. Wannan gardama abu ne mai kyau, domin tana nuna ɗalibai sun damu da ƙungiyarsu. Amma mun lura duk inda aka yi ta, da an kai ga mutum na goma sha ɗaya sai a tsaya, ba mai tambayar wane ne na goma sha biyu. To, wannan tambaya ce muke so mu ɗora a gaban ɗalibai da shugabannin ƙungiyarmu a wannan fitowa, musamman game da 'yan gefe, watau masu lamba 7 da lamba 11, waɗanda su ne ƙafafun ƙungiya. In ɗan gefen dama ya faɗi a minti na 20, wa zai tashi daga benci? In wanda ya tashi shi ma ya sami kati, ko jarrabawa ta riƙe shi, wa ke bayansa?

Dalilin da ya sa muka ware 'yan gefe shi ne aikinsu ya fi na kowa cin jiki. Masanan motsa jiki sun auna, sun ga ƙwararren ɗan wasa yakan ci kilomita 10 zuwa 11 a wasa ɗaya. Yawancin wannan tafiya sassarfa ce, jiki yana iya ɗaukarta. Abin da ke karya mutum shi ne fizgar gudu, watau ya tashi daga tsaye ya zura iya ƙarfinsa mita 20 ko 30, ya ci birki, ya juya, ya komo baya don taimakon ɗan bayansa, sa'an nan kafin ya gama shaƙar numfashi a sake jefo masa ƙwallo. Ɗan gefe yana cikin waɗanda suka fi kowa yin wannan a fili. Saboda haka ne ciwon naman bayan cinya, wanda shi ne ciwon tsoka da ya fi yawa a ƙwallon ƙafa, ya fi kama masu gudu. In ya kama mutum kuwa sai ya yi makonni yana jinya, in kuma aka yi garajen mai da shi fili kafin ya warke, ciwon yakan dawo fiye da na farko. Ga kuma targaɗe, wanda ba ya wuya a kan filin da rani ya busar ya zama kamar daɓe. Daɗa, gasar jami'o'i ba irin gasar kulob-kulob ba ce da ake buga wasa ɗaya a mako. Gasar wasannin jami'o'in Nijeriya, watau NUGA, wadda aka fara a Ibadan a 1966, ana gama ta ne cikin abin da bai wuce mako biyu ba, kamar yadda aka yi a Jami'ar Legas a watan Maris na 2022. Ƙungiyar da ta yi nisa sai ta buga wasa bayan wasa ba wani hutun kirki a tsakani. Ba ɗan Adam ɗin da zai yi fizgar gudu haka kullum ƙafarsa ba ta gaya masa ba.

Tarihin ƙwallon ƙasarmu ya ishe mu darasi a kan wannan, ta fuska biyu. A watan Afrilu na 1994, a birnin Tunis, Nijeriya ta kai wasan ƙarshe na cin kofin Afirka, ta haɗu da Zambiya. Mai horarwa Clemens Westerhof ya ɗauko Emmanuel Amunike, ɗan gefen hagu wanda ya sha zaman benci a gasar, ya sa shi. Zambiya ce ta fara ci, Amunike ya rama, ya kuma ƙara ta biyu bayan hutun rabin lokaci, aka tashi 2 da 1, kofi ya zo Legas. Wannan amfanin ajiya ke nan. Wata uku bayan haka, a gasar cin kofin duniya a Amurka, muka ga ɗaya fuskar. Ran 5 ga Yuli Nijeriya ta kara da Italiya, Amunike ya ci ƙwallo ɗaya, amma Daniel Amokachi ya ji ciwo ya fita tun kafin hutu, shi ma Amunike ya bi shi jim kaɗan bayan an dawo. Da masu gudun nan biyu suka fita sai ƙungiyar ta koma tsaron gida, ba mai tsorata Italiya daga gefe, ko da yake an kori musu mutum ɗaya. Saura minti biyu a tashi Roberto Baggio ya rama, ya kuma ci fanareti a ƙarin lokaci. Sa'an nan a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, Amuniken nan dai daga benci ya taso ya ci wa Nijeriya ƙwallon da ta ba ta zinariya a kan Ajantina, 3 da 2. In ƙungiyar ƙasa, mai zaɓe daga miliyoyin mutane, tana iya tashi ko faɗuwa a kan wanda ke zaune a benci, ina ga ƙungiyar jami'a?

Har ila yau dokar wasan kanta ta sake. A gasar cin kofin duniya, sai a 1970 aka fara yarda a canja 'yan wasa biyu. Daga baya aka mai da su uku. A 2020, lokacin annobar korona, aka ba da damar canja biyar, a 2022 kuma aka tabbatar da wannan a cikin dokokin wasa. Ma'anar wannan ita ce mai horarwa yana iya sake kusan rabin 'yan wasansa na cikin fili kafin a tashi. Ƙungiyar da ke da 'yan gefe huɗu nagari za ta saki biyu su yi gudu iya ƙarfinsu na awa ɗaya, sa'an nan ta sako sababbin jini biyu a kan 'yan bayan da suka riga suka gaji. Ƙungiyar da ke da biyu rak kuwa, dole su riƙa tattalin numfashi tun daga busar farko. Wanda bai tanadi benci ba, dokar canji biyar ta zama makami a hannun abokin karawarsa.

A jami'o'in Amurka, inda suke buga wata irin ƙwallo tasu ta hannu da kokawa, sun daɗe da mai da wannan al'amari ilmi. Kakar wasansu tana farawa wajen ƙarshen watan Agusta, amma tun a bazara kowace jami'a takan yi atisaye na musamman, wanda dokar hukumarsu ta ƙayyade shi zama 15. A wannan lokaci ba kofi ake nema ba. Mai horarwa yana rubuta kowane gurbi a takarda, a ƙarƙashinsa ya jera na farko, na biyu, na uku, har na huɗu, kowa ya san matsayinsa, ya kuma san abin da zai yi ya hau sama. Gurbin da suka fi damuwa da cika shi kuwa shi ne na mai rungumar ƙwallo ya kutsa da gudu, don shi ne ya fi shan karo, ya fi saurin jin ciwo. Wasansu daban, namu daban, ba kuma muna cewa mu kwaikwaye su a komai ba. Abin da muke so mu ɗauka shi ne takardar nan, da fahimtar cewa bazara lokacin ƙidayar abin da ke rumbu ne.

To, bari mu ƙidaya namu. Ba za mu ambaci sunan kowa ba, domin zaɓen ɗan wasa aikin mai horarwa ne, ba na mujalla ba. Amma duk wanda ya saba kallon wasannin tsangayoyi ya san masu gudunmu sun kasu kashi uku.

Kashi na farko su ne tsofaffin hannu, 'yan ajin ƙarshe. Su ne aka sani, su ake kira a bakin fili, su ne kuma kowa ke sa wa a cikin goma sha ɗayansa. Lalle da tsohuwar zuma ake magani, ba mai musun amfaninsu. Sai dai ɗan ajin ƙarshe baƙo ne mai shirin tafiya. Kundin bincikensa yana wuyansa, malamin da ke duba shi yana jiransa, bayan 'yan watanni kuma sai bautar ƙasa ta ɗauke shi zuwa wata jiha. Gasar jami'o'i ta ɗalibai ce masu rajista, ranar da ya gama ya fita daga lissafi. Ga shi kuma kalandar karatu da kalandar wasanni ba kullum suke tafiya tare ba. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya nuna mana yadda jadawali ke iya birkicewa. Ƙungiyar da ta jingina a kan 'yan ajin ƙarshe kaɗai tana iya wayar gari ranar gasa ta tarar rabin ƙarfinta ya riga ya sa kakin bautar ƙasa.

Kashi na biyu su ne 'yan tsakiya, na aji biyu da aji uku. Su ne ya kamata su zama ƙashin bayan ƙungiya, don suna da shekara biyu ko uku a gaba. Amma su ma akwai abin da ke janye su. Ɗalibin ilmi zai tafi gwajin koyarwa, na injiniya da na kimiyya za su tafi sanin makamar aiki na watanni, na likitanci kuwa in ya kai shekarun asibiti sai ya koma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, can hanyar Zariya, nesa da fili. Duk waɗannan abubuwa sanannu ne, ana iya sanin lokacinsu tun farkon zango. Abin da ya rage shi ne wani ya zauna ya rubuta: wane ba ya nan daga wata kaza zuwa wata kaza. In 'yan gefenmu biyu na aji uku duk 'yan tsangaya ɗaya ne, to rana ɗaya za mu rasa su.

Kashi na uku su ne sababbin shiga. A cikinsu akwai masu ƙafa, waɗanda suka yi suna a makarantunsu na sakandare ko a unguwanninsu. Amma sabon ɗalibi yana fama da rajista da neman ɗaki da gane hanyar aji, ga kunya, ga tsoron manya. In ba an je an kira shi ba, sai ya gama shekarar farko yana kallo daga bakin fili, jikinsa ya yi nauyi, sha'awarsa ta mutu.

In muka tsaya a nan, lissafin bai ba da kwanciyar hankali ba: na sama suna shirin tafiya, na tsakiya suna zuwa suna komawa, na ƙasa ba a san su ba. Amma akwai kashi na huɗu da ba ya shiga gardamar teburin mai shayi ko kaɗan, shi ne kuwa babban dalilin wannan rubutu. Muna nufin 'yan'uwanmu ɗalibai da ke zuwa karatu daga ƙauyukan da ke kewaye da mu, su koma gida da yamma.

Wanda ya fita ƙofar sabuwar harabar jami'a ya miƙe hanyar Gwarzo, kafin ya yi wata tafiya ya isa Janguza, ya shiga ƙasar Tofa ke nan. Ƙaramar hukuma ce da ƙidayar 2006 ta ba ta mutane kusan 100,000, ga Langel, ga Lambu, ga Doka, ga Yanoko, ga garin Tofa kansa, ƙauye na kallon ƙauye, gona na jingine da gona, ba wani daji a tsakani. Marigayi Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa wanda ya koyar a wannan jami'a, ya shafe shekaru yana nazarin wannan karkara da ke kewaye da Kano, yana nuna yadda mutane masu yawa haka suke ci daga ƙasa ɗaya shekara da shekaru ba tare da sun bar ta ta huta ba, ta hanyar taki da haɗa shuka. Manomin Tofa ba ya zuba iri ɗaya a gonarsa. Yakan sa gero, ya sa dawa, ya ratsa wake ko gyaɗa a tsakani. Gero ya nuna da wuri ya fid da gida daga yunwar damina, dawa ta biyo baya, wake ya zo a ƙarshe. In ruwa ya yanke wa ɗaya, ɗaya ya tsira. Kuma kome tsananin shekara, ba ya cinye irin baɗi. Abin da muke roƙon ƙungiyar ƙwallonmu ta yi ke nan, ba wani sabon ilmi ba ne daga ƙasashen waje, maƙwabtanmu suna yin sa kowace damina.

'Ya'yan waɗannan manoma suna cikin ajujuwanmu. Saurayin da ya tashi yana huɗa da noma, yana tuƙa keke kilomita da yawa zuwa makaranta, yana buga tamaula da yamma a filin firamare mai rairayi har a kira magariba, yana da huhu da cinyar da ɗan birni zai yi watanni yana nema a atisaye. Da yawansu kuma sun yi langa tun suna yara. Wanda ya taɓa zama ruwa a langa, yana tsalle da ƙafa ɗaya, abokan gaba na neman ka da shi, nasa na kare shi har ya kai ga sha, ya riga ya koyi kaucewa da riƙe jiki da karanta inda kafa ta buɗe. Waɗannan kuwa su ne rabin aikin ɗan gefe.

Kada wani ya ce wanda bai taso a kulob ba ya makara. Christian Okoye, haifaffen Inugu, ya tafi Jami'ar Azusa Pacific a Amurka a 1982 a matsayin mai jifan faifai da dalma. Bai taɓa buga ƙwallon Amurka ba sai a 1984, yana da shekara 23. Masu horarwa suka ga gudunsa da ƙarfinsa, suka koya masa sauran. A 1987 kulob ɗin Kansas City Chiefs ya ɗauke shi, a 1989 kuma ya fi kowa a babbar gasar ƙasar nisan gudu da ƙwallo, yadi 1,480. Ƙwallon ƙafa ta fi wancan wasa bukatar gwanintar ƙafa tun daga ƙuruciya, wannan gaskiya ne. Amma samarin da muke magana a kansu ba baƙin ƙwallo ba ne, sun fi shekara goma suna buga ta. Abin da suka rasa shi ne tsari da takalmi da idon mai horarwa. Ana iya koya wa mai gudu inda zai tsaya da lokacin da zai bugo ƙwallo tsakiya cikin zango ɗaya. Wanda ba shi da gudu kuwa, ba mai iya ba shi.

Me ya sa ba mu ganinsu? Laifin namu ne, mu ɗalibai, kuma ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Labarin atisaye yakan yawo ne a ɗakunan kwana, daga aboki zuwa aboki, wanda ba ya kwana a makaranta sai ya ji bayan an gama. In an tsawaita wasa har duhu, mai komawa Lambu ko Doka yana tunanin abin hawa da kuɗin mota, dole ya tafi tun ana tsaka. In ya zo da takalmin roba ko na kanbas, akwai masu yi masa dariya, ya ji kunya, gobe ba zai dawo ba. Sa'an nan akwai halinmu na 'yan unguwa ɗaya ko 'yan makaranta ɗaya su riƙa miƙa wa juna ƙwallo, baƙo ya yi ta gudu a gefe minti 30 ba wanda ya dube shi, a ƙarshe a ce ba a ga abin da ya yi ba. Ga kuma damina: daga Yuni zuwa Satumba, duk ranar da ba lacca, mahaifinsa yana bukatarsa a gona. Saboda haka bazara ce kaɗai lokacin da yake da sarari. In muka bari ta wuce, mun rasa shi har wata shekara.

Mun san abin da za a ce. Wasu za su ce ba kuɗi. Amma yawancin abin da muke nema ba ya cin kuɗi, sanarwa ce da agogo da littafi. Wasu za su ce yawan 'yan wasa yana kawo gunaguni, wanda aka ajiye a benci zai yi fushi. Lalle zai yi, in bai san dalili ba. In kuwa an auna gudun kowa a gaban kowa, an rubuta, an kuma ce za a sake aunawa bayan mako biyu, fushin sai ya koma himma. Tsofaffin hannu ma za su amfana, domin wanda ya san ba mai ture shi yakan yi sanyin jiki, wanda ya ji numfashin ƙane a bayansa kuwa yakan ƙara mai. Wasu kuma za su ce jami'a wurin karatu ce, ba wurin tamaula ba. Muna tunatar da su Adokiye Amiesimaka, ɗan gefen ƙungiyar Green Eagles da ta ci kofin Afirka a Legas a 1980, wanda ya karanta shari'a a Jami'ar Legas, daga baya ya zama Antoni Janar na Jihar Ribas. A cikin ƙungiyar nan akwai Segun Odegbami, wanda ya karanta injiniya a Kwalejin Fasaha ta Ibadan, ya ci biyu daga cikin ƙwallaye ukun da aka zura wa Aljeriya a wasan ƙarshe. Akwai kuma Felix Owolabi, wanda ya taɓa buga wa Raccah Rovers ta nan Kano, kulob ɗin da ya ci gasar ƙasa a 1978, shi ma daga baya ya yi karatu har digiri na uku. Kano ba baƙuwar masu gudu ba ce. A Kano Pillars Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 kafin ya tafi Turai, ya kuma zo ya ci biyu a ragar Ajantina a 2014, biyu a ragar Aisland a 2018. Ƙasar da ta fid da waɗannan ba ta ƙafe ba.

Saboda haka muna ba shugabannin ƙungiyar ɗalibai, musamman mai kula da wasanni, waɗannan shawarwari, su kai su ga masu horarwa cikin ladabi kafin a buɗe fili.

Na farko, a yi gwajin buɗe ƙofa na kwana uku, a tsohuwar haraba da sabuwa, kowane ɗalibi mai katin shaida ya zo. A sanar da shi mako biyu kafin ranar, da Hausa da Turanci, a allunan tsangayoyi da bakin ƙofa inda ake hawa mota, a kuma bi ta ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomi, don su ne suka san 'yan garinsu masu ƙafa. A auna gudun mita 30 da na mita 100, a sa mutum ya maimaita gajeren sau shida a ga yadda ƙarfinsa ke raguwa, sa'an nan a raba su a buga, a haɗa baƙo da baƙo yadda ba wanda zai ɓoye wa wani ƙwallo.

Na biyu, a fito da mutum uku a kowane gefe, shida ke nan, a kuma lura kada su zama 'yan aji ɗaya ko 'yan tsangaya ɗaya. In biyu 'yan ajin ƙarshe ne, to biyu su zama na tsakiya, biyu sababbi. A nemi aƙalla ɗaya mai iya buga gefe biyu. A liƙa jerin a inda kowa zai gani, a riƙa sabunta shi.

Na uku, a duba lokaci. Zafin Kano a watan Afrilu yakan kai digiri 40, gudu da tsakar rana a irin wannan yanayi ganganci ne da rai. A yi atisaye da sassafe kafin lacca, ko bayan la'asar a tashi da sauran rana, yadda mai komawa ƙauye zai isa gida kafin duhu. A ajiye ruwan sha a bakin fili, a riƙa tsayawa ana sha. In azumi ya faɗo cikin lokacin atisaye, kamar yadda ya faɗo a watan Maris na 2024 da na 2025, a rage nauyin aiki, kada a auna gudun mai azumi a yanke masa hukunci a kai.

Na huɗu, a kafa akwatin takalma. Duk ɗan wasan da ya gama karatu ya bar tsohon takalminsa in yana da sauran rai, ƙungiya ta gyara, ta riƙa ba da aro ga wanda ba shi da shi, ba tare da an tozarta shi ba.

Na biyar, a ba 'yan benci wasa na gaske. Mutum ba ya koyon ƙwallo da kallo. A nemi izini a shirya wasannin sada zumunci tsakanin ƙungiyarmu ta biyu da ƙungiyoyin samarin Janguza da Langel da Tofa, mu je can, su zo nan. 'Yan wasanmu za su sha gudu a hannun waɗanda ba su san gajiya ba, yaran ƙauye kuma za su ga jami'a da idonsu, su san ba a sama take ba. Wataƙila wani ɗan sakandare da ya zo kallo ya ƙudurta a ransa sai ya shigo, ko da bai taɓa buga mana ba, wannan ma riba ce.

Na shida, a buɗe littafi. A rubuta sunan kowane ɗan wasa da ajinsa da gudunsa da ciwon da ya taɓa ji da watannin da ba zai kasance ba. Shugabannin ƙungiyar ɗalibai shekara ɗaya suke yi su sauka, in ba littafi, kowane sabon zaɓaɓɓe sai ya fara daga farko.

A gasar ƙwallon manyan makarantu da aka fara a 2018, sunan da aka san ƙungiyarmu da shi shi ne BUK Stallions, watau ingarmu. Duk Bakano ya san ba a hawan daba da doki ɗaya, kuma mai dokin kirki yakan ajiye na canji a barga. Ba mu yi wa kowa alkawarin kofi ba, nasara ta Allah ce. Abin da ke hannunmu shi ne shiri, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Muna kira ga ɗan'uwanmu da ke hawa mota kullum da yamma zuwa ƙasar Tofa, wanda ya san a ƙauyensu ba mai kamo shi in ya saki ƙafa: ran da aka sanar da gwaji, ka zo da duk takalmin da kake da shi. Muna kuma kira ga tsofaffin hannu, in ya zo ku miƙa masa ƙwallo. Allah ya ba mu lafiya, ya kare 'yan wasanmu daga ciwo, ya sa mu ga damina lafiya, amin.